Sanarwa ga ƴan ajin ƙarshe

Assalamu alaikum ƴan uwa, musamman ƙannenmu na Jami'ar Jos da ke shekarar ƙarshe.

Ranar Asabar bayan La'asar za mu zauna a inda muka saba, kan shirin neman aiki da kama sana'a bayan digiri. Kowa ya zo da CV ɗinsa a waya. Wanda ya yi SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ɗalibai ke zuwa a ma'aikatu, ya rubuta abin da hannunsa ya koya a can, sunan ma'aikata kaɗai ba ya burge mai ɗaukar aiki.

Masu ɗinki, gyaran waya ko kai dankalin Bokkos Abuja, za mu nuna muku rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Ta intanet ake yi, da lambar NIN, kuma da takardar rajistar ce banki ke buɗe asusun kasuwanci.

Sai batun bautar ƙasa. Alawus ya koma naira 77,000 tun 2025. Mai ajiye 15,000 duk wata zai fito da 180,000, jarin farawa ke nan. Darussan SAED na koyon sana'a a sansani kuwa, don Allah a daina barci a cikinsu.

Mai zuwa ya rubuta sunansa a nan kafin Juma'a, saboda kujeru.