A duba gansakukar kududdufanmu kafin a gama cike su

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a. Don Allah a ba ni ɗan fili.

Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san koren nan da ke rufe saman kududdufi in zafi ya yi zafi, yara su jefa dutse ya buɗe ya sake haɗewa, ga wari. To ba duka ba ne ciyawar ruwa, wani ɓangarensa ƙwayoyin bakteriya ne masu haɗa abincinsu da hasken rana, sayanobakteriya ake ce musu, kuma a jikin irinsu masana ke ta haƙilon neman sabon magani. A 1987 wani masani a Amurka, George Pettit, ya ciro sinadarin dolastatin 10 daga wata dabbar teku mai kama da katantanwa, daga baya aka gano ashe sayanobakteriyar da take ci ce ke yin sa, shi aka kwaikwaya aka haɗa Adcetris, maganin kansar Hodgkin da Amurka ta amince da shi a 2011. Eh na teku ne wannan, amma ai Nostoc, wata irin sayanobakteriya da aka samu sinadarin cyanovirin a jikinta, wanda ya hana HIV shiga ƙwayar halitta a gwajin lab, a ruwan daɗi da ƙasa mai danshi take rayuwa. Nan Chadi ma matan Kanembu sun daɗe suna kwasar spirulina, ita ma sayanobakteriya ce, su shanya a rairayi su yi miya da ita.

Amma fa masu tallan magani da lasifika kar su ji wannan su fara ƙulla mana shi a leda, wallahi wasu guba ne, gubar microcystin da suke fitarwa tana lalata hanta kuma tafasa ruwa ba ya kashe ta, a 1996 a garin Caruaru na Brazil sama da mutum 50 masu wankin ƙoda ta hallaka.

Roƙona ga malaman BUK na sashen harhaɗa magunguna da masu nazarin ƙananan halittu shi ne a tura ɗalibai su ɗebo samfur daga kududdufai da dam ɗin Tiga da Challawa, a tantance wanne ke da guba wanne ke da amfani, a adana su a lab. TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, ta sa kuɗi, don kududdufan nan kullum cike su ake ana dasa shaguna.

Naku,
Mai karatu daga Ƙofar Mata, Kano