Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Muhalli kan duwatsun bakin teku

Ranka ya daɗe, barka da aiki.

Roƙo ɗaya na zo da shi, kuma kan tsarin ko-ta-kwana na malalar mai ne. Don Allah a rubuta a ciki ɓaro-ɓaro cewa gaɓar teku mai duwatsu wadda igiyar ruwa ke duka dare da rana, ba a fesa mata sinadarin wanke mai. Na san abun zai zo wa wasu banbarakwai, mai ya malala kuma a ce kar a wanke? To bari in faɗi dalili.

Dutsen nan da ake gani kamar fayau ba kowa a kai, cike yake da rai. Akwai banakul, 'yan halittun nan masu farin ɓawo, dangin ƙaguwa ne, tun suna ƙanana suke liƙa kansu jikin dutse da wani irin gam kuma shi ke nan ba sauran tafiya har mutuwa, in ruwa ya rufe su sai su buɗe ɓawon su dinga miƙo ƙafafu suna tace abinci. Akwai limfet, wani dodon koɗi mai ɓawo kamar malfa, aikinsa kankare gansakuka da jariran ciyawar teku tun kafin su yi ƙarfi. Shi da dukan igiya su ne ke hana ciyawar mamaye wajen, shi ya sa inda ruwa ke da ƙarfi banakul ke da rinjaye, inda kuma yake a kwance ciyawa ce ke cin karenta babu babbaka.

A watan Maris na 1967 jirgin dakon mai Torrey Canyon ya yi karo da dutse kusa da Cornwall a Ingila, ɗauke da ɗanyen mai sama da tan dubu 100. Hukuma ta rikice, aka yi ta antaya sinadari a bakin teku, kusan tan dubu 10, kuma sinadarin ya fi man kansa guba. Limfet suka mutu rututu. Cikin 'yan watanni koriyar ciyawa ta rufe duwatsun, bayanta wata ciyawa mai kauri mai launin ruwan ƙasa ta zo ta danne banakul, daga baya limfet suka dawo da mugun yawa suka cinye komai tas sannan yunwa ta kashe su. Wasu wuraren sai da suka kai shekara 10 zuwa 15 suna wannan hawa da sauka, alhali inda ba a fesa komai ba, teku ta wanke abinta cikin shekara 2 zuwa 3.

Gaskiya ne sinadaran yanzu ba su kai na wancan lokaci guba ba, ban musa ba. Amma matsin lambar bai canza ba, kyamara na nan, jama'a na ihu a ga an yi wani abu, kuma fesawa ita ce ta fi saurin fitowa a hoto.

Sai kuma batun ƙidaya. Masanan teku na birnin Plymouth a Ingila sun iya auna ɓarnar Torrey Canyon ne saboda tun shekarun 1950 suke ƙirga banakul da limfet a waɗannan duwatsu. Ranka ya daɗe a ware kuɗi, ba masu yawa ba ne wallahi, a sa masana su fitar da taswirar wace gaɓa ce ke shan igiya wace ce ke ɓoye, su riƙa zuwa duk shekara lokacin da ruwa ya janye suna ƙirgawa a wuri ɗaya, kuma taswirar ta isa hannun ma'aikatan agajin gaggawa tun kafin wani jirgin ya fashe.

Na gode, Allah ya taimaki Minista.