Abin da ba a gane ba daban, baƙi daga wata duniya daban

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan rahoton da kuka kawo game da binciken gwamnatin Amurka a kan abubuwan da ake hangowa suna shawagi a sama ba a san ko mene ne ba. Kanun labarin ya sa mutane da dama, har da maƙwabcina da ya tare ni a ƙofar masallaci bayan Magariba, suka ɗauka Amurka ta amsa cewa wasu halittu na kawo mana ziyara daga wata duniya, alhali takardun ba su faɗi haka ba.

Binciken nan ba yau aka fara shi ba. Lokacin da rundunar sojan saman Amurka ta rufe shirinta na Project Blue Book a 1969, tana da rahotanni 12,618, kuma 701 ne kawai aka kasa warwarewa. Rahoton hukumar leƙen asirin ƙasar na Yunin 2021 ya duba lamura 144, ya tantance ɗaya tak, wanda ya kasance balan-balan ce da iska ke fita daga cikinta. Sauran kuwa ƙarancin bayanai ne ya hana yanke hukunci a kansu. Ofishin AARO, wanda ma'aikatar tsaro ta kafa a 2022 don binciken irin waɗannan lamura, ya bayyana a Maris 2024 cewa bai samu wata shaida ta fasahar wata duniya ba. David Grusch, tsohon jami'in da ya gaya wa majalisa a Yulin 2023 cewa gwamnati na ɓoye jiragen wata duniya, da bakinsa ya ce daga wasu ya ji.

Ni ma na taɓa ruɗewa. Wani dare muna shan iska a tsakar gida, sai ga fitilu a jere kamar carbi suna ratsa sama shiru, yara na ihu, wata tsohuwa na ta salati. Daga baya muka gane taurarin ɗan adam na Starlink ne.

Damuwar sojojin Amurka ita ce kada wata ƙasa ta riƙa leƙa sansanoninsu da jirage marasa matuƙa, musamman bayan balan-balan ɗin Sin da suka kakkaɓo a Fabrairun 2023. Ina fatan idan za ku sake taɓo batun, ku fara da wannan ɓangaren, ku kuma gyara wancan kanu.

Na gode.

Mai karatunku kullum,
daga Zariya