Kaskon garwashi da yaranmu a lokacin ɗari

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu don in yi magana da iyaye masu goyo da masu yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tunda kaka ta shigo, iska ta juya, hunturu kuma yana bakin ƙofa. Da yawa daga cikin abin da ke cutar da yara tsakanin Nuwamba da Fabrairu a cikin ɗaki ake haɗa shi, da hannun masu ƙaunarsu, garin ƙoƙarin korar sanyi.

Babba a ciki shi ne kasko. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Ko gawayi ya ruru ya yi jajir babu ɗigon hayaƙi, tana nan tana fita. Sai a kulle ƙofa, a toshe taga da kwali da tsumma, a saki labule, a kwanta. Iskar nan takan shiga jini ta tare gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita, kuma jariri ya fi kowa shaƙarta saboda numfashinsa ya fi na babba sauri. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da asuba duk da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, kada a ce mura ce ta zagaya gida. A fita da kowa waje, a buɗe ɗakin, wanda ya galabaita a kai shi asibiti. Jariri ba zai ce kansa na ciwo ba, sai dai a ga barcinsa ya yi nauyi, ya ƙi kama nono. In dole sai an ɗumama ɗaki, a hura wutar a tsakar gida, a shigar da kaskon ƙofa a buɗe babba na zaune kusa, a fitar da shi a kashe kafin kowa ya kwanta, a kuma bar 'yar kafa a taga. Janareta ma irin wannan gubar yake fitarwa, don haka zaure da gindin taga ba wurinsa ba ne.

Ɗumin da ya fi aminci a tufafi yake. Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi ƙatuwar rigar sanyi guda, domin in hantsi ya yi ana iya rage su ɗaya bayan ɗaya. A ƙara wa jariri riga ɗaya a kan abin da uwarsa ta sa, da hula da safa. Hannunsa ba ma'auni ba ne, kusan kullum da sanyi yake. A taɓa ƙirji ko ƙeya: in da gumi an cika masa kaya, rigar za ta jiƙe, sanyin da ake gudu ya kama shi ta nan. Kada bargo ya rufe masa fuska.

Wankan asuba a ɗage shi zuwa hantsi. Wurin sirka ruwa ake samun ƙuna: uwa ta juye tafasasshen ruwa a baho, ta juya ɗebo na sanyi, mai rarrafe ya riga ta isa. A fara zuba na sanyi, a bi shi da na zafi, a gwada da gwiwar hannu. In tsautsayi ya faɗa, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta, ba na ƙanƙara ba, a kan wurin har minti 20, a cire rigar in ba ta manne ba, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ɗanyen ƙwai da man goge baki da ƙullun koko da ake shafawa datti kawai suke kai wa ciwon, sai ma'aikacin asibiti ya sha wahalar wanke su, yaron kuma ya sha azaba sau biyu. Bayan wanka a shafa man kaɗanya ko basilin tun jiki da sauran danshi, har leɓe da diddige. Haɓo kuwa, a zaunar da yaro ya sunkuyo gaba, a matse tattausan hancin minti 10. Ɗaga kai sama jinin yake turawa maƙogwaro.

Tari da majina ba sa ƙarewa a gida mai yara a wannan lokaci, yawancinsu kuma da kansu suke wucewa. Abin da ke raba mura da ciwon haƙarƙari shi ne ƙidayar numfashi, kuma kowace uwa za ta iya. A bari yaro ya natsu ko ya yi barci, a ɗaga rigarsa, a ƙirga ɗagawar ciki na cikakken minti ɗaya da agogon waya. Wanda bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa 11, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. In ya kai haka, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko ya kasa shan nono, ko ya suma, ranar za a tafi asibiti, ba gobe ba. Sayen ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis a ba shi kwana biyu ɓata lokaci ne. Man zafi irin su Robb kada ya shiga hancin jariri, balle a narka a ba shi ya sha. Zuma tana sassauta tari, amma sai ga wanda ya cika shekara. Toshewar hanci kuwa ɗigon ruwan gishirin hanci da ake sayarwa a kemis ya ishe ta.

A duba katin rigakafi tun yanzu. Ƙyanda da sanƙarau a rani suke tashi, allurarsu a wata 9 ake yi, ta ƙyanda kuma akwai ta biyu a wata 15, wadda iyaye suka fi mantawa. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara da damina yakan ƙare wajen Oktoba, sauron kuwa bai gama tafiya ba, saboda haka gidan sauro ya ci gaba da zama a ɗaure.

Kaka ce lokacin da hatsi ya fi araha, ita ce damar haɗa garin kunun yara. Gwangwani 6 na gero ko dawa, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. Waken a jiƙa, a murje ɓawon, a shanya ya bushe ƙarau. Gyaɗar a tsince duk wadda ta yi fumfuna ko ta motse a zubar, don suya ba ta kashe gubarta. A soya kowanne daban ba mai, a haɗa a kai niƙa. Kada a yi na wata da watanni, man gyaɗar yakan sa garin ya yi ɗaci. Na mako biyu ko uku a bokiti mai murfi ya isa. Daga wata 6 ake farawa tare da nono, kuma a dama shi da kauri yadda zai tsaya a cokali, domin kunu tsararo cika ciki kawai yake yi. Ruwan sha sai an riƙa miƙa wa waɗanda suka fara cin abinci, sanyi yana ɓoye ƙishirwa alhali iskar tana busar da jiki.

Magariba tana saurin yi, dare ya yi tsawo, yara su taru a ɗaki ana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ana ɓarar gyaɗa da dafaffen dankali. Dankalin a ba kowa. Gyaɗa ƙwaya kuwa a nisanta ta da ƙanana, musamman ana cikin dariya, domin takan sarƙe yaro ta faɗa hanyar numfashi. Su a daka musu ko a dama musu a kunu.

Roƙona ga jaridar nan, Malam Edita, ku buga waɗancan lambobi uku na ƙidayar numfashi da manyan baƙi a wani lungu na shafi duk mako har hunturu ya wuce, yadda uwa za ta yanke ta liƙa a bango ko ta ɗauka a waya. Malaman Islamiyyar matan aure su ma su ware minti biyar su gwada wa ɗalibansu yadda ake ƙirgawa a jikin jariri.

Wassalam.

Daga wata mai karanta jaridarku,
Zariya.