Wasiƙar makaranta: dan Allah iyaye a kula da farasitamol

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara, ya sanyi, ya aikin rani.

Toh wannan karon maganar jarabawa za ta ɗan jira, dan tunda hunturu ya shigo mura da zazzaɓi suka kama yara malamai suke ta tsintar katin farasitamol a aljihun ɗalibai, har da 'yan aji uku, ka tambaya yaro ya ce Inna ce ta ce in kai ya yi ciwo ya sha. Sau nawa zai sha, guda nawa, ba wanda ya faɗa masa.

Maganin nan yana da kyau in an sha daidai, amma in ya yi yawa hanta yake ci. Babban mutum ma ba ya wuce ƙwaya 8 masu 500mg a awa 24, kuma da tazarar awa 4 aƙalla tsakanin sha da sha. Yaro kuwa da nauyinsa ake auna masa, kuma kar ya wuce sau 4 a yini da kwana. Inda ake samun matsala a gidajenmu shi ne uwa ta ba shi da safe, kaka ta ga jiki da zafi ta ƙara masa, Baba ya dawo daga kasuwa da haɗin kemis a ƙulle a leda shi ma ya bayar, kowa dan tausayi ya yi amma ba wanda ya tambayi wani. Sannan Panadol da farasitamol abu ɗaya ne, su Procold da Mixagrip na mura ma akwai shi a ciki, in an haɗa su an ninka kenan. Sirof kuma a auna da ɗan kofin da ya zo da shi, banda cokalin tuwo.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne a ranar farko yaron da ya sha da yawa zai iya zama garau yana wasansa, ko ɗan tashin zuciya da amai da gumi kawai, sai a ce ai ya wuce. Wallahi bai wuce ba. Kwana na biyu zuwa na uku ciwo ke farawa a ƙasan haƙarƙarin dama, daga nan ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, yaro ya fara sambatu ko barci mai nauyi, mu kuma a nan da mun ga haka sai mu ce ciwon shawara ne, a nemo jiƙo, alhali hanta ce take lalacewa.

Dan haka da kun gane ya sha fiye da ƙima, ko kun ga katin da babu komai a hannun ƙaramin yaro, kar a jira alama, a ɗau mashin a tafi asibiti. Kar a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri, kar a sa masa yatsa a maƙogwaro. A tafi da katin ko kwalbar, a kuma tuna lokacin da ya sha dan shi likita zai fara tambaya. Farasitamol yana da makari, sunansa asitilsistin, yawanci a ruwa ake sa shi ta jijiya, kuma ya fi aiki in an fara cikin awa 8 na farko. Sha-ka-tafi ba lallai su iya ba, in suka tura ku babban asibiti, ko Birnin Kudu ko Dutse ko na Malam Aminu Kano, dan Allah ku wuce kar ku dawo gida neman shawarar maƙota.

In kuma babbar yarinya ce ko saurayi ya shanye dan ɓacin rai, a ajiye faɗa da duka, a kai shi asibiti tukunna, a gaya wa likita gaskiya.

Daga yau duk yaron da yake kan magani a kawo wa malamin ajinsa da bayanin yadda ake ba shi, wanda muka samu a aljihu za mu karɓe mu kira ku.

Wassalam,
Hedimasta da malamai