Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Jihar Tawa: a zo a duba tsofaffin barajojinmu kafin ruwa ya sauka

Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi maka barka da aiki. Ni manomin albasa ne a kwarin Maggiya, kuma gidana yana ƙasan wata tsohuwar madatsar ruwa, irin wadda muke ce wa baraji. Mahaifina yana cikin leburorin da suka ɗauki dutse lokacin gina ta. Yau ni ma na yi furfura, ita kuwa tana nan tana tare ruwa kowace damina. Abin da ya sa na rubuto maka shi ne, in hadari ya haɗu da dare a watan Agusta, barci ba ya ɗaukata. Kunnena yana can wajenta.

Ba sai an gaya maka alherin barajoji a jihar nan ba. Na Mozage da na Zango su ke shayar da filin noman rani na Birnin Ƙonni, fiye da hekta 2,000. Na Ibohaman ya haura shekara 50 yana aiki. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka soma a 1984 da taimakon Italiya, ya ƙara wasu ƙanana a cikin kwaruruka. Albasar Galmi da ake lodi zuwa Gana da Abijan, da tumatir da alkama, da matasan da suka fasa tafiya cin rani, duk albarkar ruwan da aka tare ne. Don haka ba ƙarar baraji na kawo ba. Ina roƙo ne a kula da tsufanta.

Ranka ya daɗe, barajin da aka yi bangonsa da ƙasa ba ya mutuwa rana ɗaya. Kowace shekara ƙoramu suna gangarowa daga fako da duwatsun Adar, ɗauke da yashi da laka, su zube su a cikin tafkin. Inda muka yi iyo muna yara, ruwa yana shanye babban mutum, yau da rani ana shuka dankali a wurin. Mutane suna kukan ruwan ba ya kai mu ƙarshen noman rani, kuma gaskiya ne. Amma akwai abin da ya fi wannan ban tsoro: tukunyar da rabinta yashi ne, da wuri take cika. Ruwan dare ɗaya ya isa ya kai ta baki. In mafitar da aka gina don rarar ruwa ta kasa ɗauka, sai ya haura ta kan bangon, shi kuwa bangon ƙasa ba ya jure wannan. Ruwan zai fara cin bayansa, ya yi zaizaya, ya buɗe ɓaraka, kafin a ankara komai ya wuce.

Bayan daminar bara na bi bangon namu da ƙafa, ni da ɗana. Itatuwa sun girma a jikinsa, saiwoyinsu sun shiga ciki. Akwai shurin gara, akwai ramukan gafiya. Hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya ta ci saman bangon har ya yi kwari a wuri ɗaya, kuma nan ruwa zai fara bi ranar da ya cika. A gindinsa ta baya na tarar da wuri mai danshi, ruwa yana tsattsafowa. Tsohon mai gadin barajin, Allah ya jiƙansa, ya taɓa koya mini cewa in tsattsafin garau yake, a sa masa ido. In kuwa ya fito da launin ƙasa, to cikin bangon yake kwashewa. Na ɗiba a kwalba na ajiye ya kwana. Da safe laka ta kwanta a ƙasan kwalbar. Na kai ta wani ofis, aka karɓe ni da mutunci, aka ce za a turo mutum. Har yau muna jira.

Ba zan ɓoye namu laifin ba, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muka kwashe duwatsun da aka shimfiɗa wa bangon muka yi harsashin gidaje. Yaranmu ne suka yanke wayar da ta ɗaure duwatsun mafita. Masu bulo suna haƙa a gindinsa. Mafi muni, wasunmu suna jera buhunan yashi a bakin mafitar don ruwan ya ƙara tudu, su samu na ban ruwa har watan Maris. Na fahimci buƙatarsu, ni ma manomi ne, amma wannan toshe ƙofar tsira ne, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da su ya bayyana musu.

Za a ce ai ƙaramar baraji ce. Ranka ya daɗe, ba tsawon bango ake aunawa ba, a duba su wa ke kwana a ƙasansa. Lokacin da aka gina tamu, gonakin gero ne a bayanta. Yanzu akwai unguwa guda, da makarantar boko, da makarantar allo, da rumbuna, galibi ginin laka. Mun ga daminar 2024, wadda ta ci rayuka ɗaruruwa a ƙasar nan ta Nijar, ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya. A Satumbar shekarar ne madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri da dare mutane suna barci. Alau babba ce, duniya ta ji labarinta. Irin tamu in ta tafi, sai dai a ji a sanarwar ta'aziyya a rediyo.

Filin Ƙonni ya samu gyara da kuɗin Amurka a ƴan shekarun nan, mun kuma yi murna. Ƙananan da ayyukan raya karkara suka gina suka tafi, su ne marayu. Ka tambayi mutanen ƙauye wa ke da barajin, wani ya ce gwamnati, wani ya ce ƙaramar hukuma, wani ya ce ƙungiyar manoma. Abin da kowa ke da shi, ba mai gyara shi.

Ga roƙona. Ka sa injiniyoyin jihar su zagaya kowace baraji, daga Ƙonni zuwa Madawa, Buza da Keita, tun da rani, su taka bangon da ƙafarsu, su auna yashin da ya taru. A rubuta wadda ke da gari a ƙasanta, a fara da ita. Abin da suka gani kuma a faɗa wa mutane da Hausa da Tamajak da Fulatanci a gidajen rediyon karkara, kada ya tsaya a takardar Faransanci cikin durowa. Yashe tafki aiki ne mai tsada, na sani, ba kuma za a yi shi a shekara ɗaya ba. Amma sare itatuwa, cike ramuka, mayar da duwatsu da buɗe mafita, aikin gayya ne. In hakimai da limamai suka yi kira, aka ba mu injiniya ɗaya ya nuna mana, za mu fito. Sannan kowace baraji ta samu mai gadi da ake biya, da sandar awo a cikin ruwa, da wayar salula mai kuɗi a ciki, da lambar da za a ɗaga ko ƙarfe biyu na dare ne. Kowane gida ya san tudun da zai nufa in an yi shela daga lasifikar masallaci.

In ka turo mutanenka, su tambayi mai gari, zai haɗa su da ni. Zan kai su wurin da ruwan yake tsattsafowa, na kafa dutse na yi alama. Kwalbar ma tana nan a ɗakina, da lakarta a ƙasa.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba mu damina mai albarka.

Naka,
wani manomi daga kwarin Maggiya, Jihar Tawa