Zuwa Ga Abokan Cinikinmu: Za Mu Fara Rubuta Aibin Kowace Mota Kafin Ciniki

Assalamu alaikum iyayenmu, 'yan'uwa da abokan arziki.

Muna godiya da cinikin da kuke kawo mana, Allah ya bar zumunci. Daga farkon wata mai kamawa za mu sauya yadda muke sayar da motocin hannu a filinmu, kuma da yake sauyin zai taɓa farashi, gara ku ji dalili daga bakinmu.

Wanda ya zo sayen 'yar Beljiyam ko 'yar Kwatano, iyakarsa ya duba fenti da kujeru da tayoyi, ya saurari injin na minti biyar. Mai motar kuwa ya san ko ta taɓa haɗari, ko an mayar da mitarta baya, ko giyarta tana fizga in ta ɗau zafi. Cinikin biri a sama ke nan, shi ya sa mai saye yake tayawa a tsorace.

A ce motoci biyu ne iri ɗaya, shekara ɗaya. Lafiyayyar ta kai naira miliyan 10, mai ɓoyayyen ciwo miliyan 6. Tunda mai saye ba ya iya bambance su, sai ya kafe a miliyan 8, kuma ba za a ga laifinsa ba. Mai lafiyayyar mota ba zai yarda da asarar miliyan 2 ba, sai ya janye ta, ya sayar wa abokinsa da ya san tarihinta. Mai ɗayar kuwa, kafin a rufe baki ya sallama. A kwana a tashi fili ya cika da irin ta biyun. Masu saye su farga, su sauke tayi zuwa miliyan 7, masu motoci matsakaita su ma su kwashe nasu. Ga mai kuɗi yana neman mota ta gari, ga mai mota ta gari yana son sayarwa, amma ciniki ya ƙi faɗawa.

Wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, George Akerlof, ya yi bayanin wannan a 1970, da motocin hannu ma ya kafa misali, kuma a 2001 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Michael Spence da Joseph Stiglitz. Dillalai dai sun daɗe suna ganin abin da idonsu.

Nisa yana ƙara dagula tamu kasuwar. A 2017 guguwar Harvey ta nutsar da motoci masu ɗimbin yawa a birnin Houston na Amurka. Irin waɗannan, kamfanonin inshora kan biya masu su, a kai su gwanjo, wasu su hau jirgin ruwa. Kafin mota ta iso Arewa ta bi hannu huɗu ko biyar, kowa ya wanke, ya shafe, labarinta yana raguwa. Motar da ruwa ya ci takan yi watanni lafiya lau, sannan wayoyinta su fara hauka.

Saboda haka kowace mota za ta riƙa zama da takarda a gilashinta, ɗauke da lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17. In daga Amurka ta fito, za mu ciro rahoton tarihinta na Carfax, kamfanin da ke tattara tarihin motoci a can, mu ajiye muku tare da takardun kwastam. Wadda ba ta da tarihi a rubuce, haka za mu rubuta. Ku zo da bakanikenku, ba namu ba, ya sa mata kwamfuta, ya hau titi da ita har ta yi zafi. Don gane ko ruwa ya taɓa cin ta, ku ja bel ɗin kujera har ƙarshe ku nemi layin laka, ku leƙa tsatsa a ƙarƙashin kujera, ku bi jikin ƙarfen da maganaɗisu, domin ba ya kama inda aka cike ramin bugu aka bi da fenti.

Motar da muka rubuta lafiyayya ce za mu tsaya wa injinta da giyarta na kwana 30: in sun ba da matsala, mu gyara ko mu mayar da kuɗi. Mai sayar da ruɓaɓɓiyar mota ba zai iya ɗaukar wannan alkawari ba, karyewa zai yi, don haka alkawarin kansa shaida ce da ta fi rantsuwa. Ita kuma mai aibi za mu faɗi aibinta mu karya kuɗinta. Akwai masu neman irinta, musamman kanikawa. Ɓoye aibi algus ne, kuma malamanmu sun ce mai saye yana da zaɓin mayar da kayan da aka ɓoye masa aibinsu.

Lafiyayyun motocinmu za su ɗara na wasu filaye tsada, ba ma musun haka. 'Yan'uwa dillalai, la'adarku tana nan yadda take, da sharaɗin ku karanta wa mai saye takardar kafin ya taya. Mai mota ta gari da ya gaji da tayin wulaƙanci, ya kawo ta mu duba, mu rubuta mata takarda.

Wassalamu,
Mahukuntan kamfani, Kano